Seestar S50 da tagwayen kwezar na arewa: iya inda gilashin milimita 50 yake kaiwa

Na'urar hangen nesa ta Seestar S50, ƙirar kamfanin ZWO na ƙasar Sin, ta shigo kasuwa a 2023 a kan kuɗi wajen dala 500. Yawancin masu yabonta da hoton wata ko na rana suke kafa hujja, alhali waɗannan abubuwa ne masu haske da kowane gilashi mai kyau zai fito da su. Idan ana so a san ainihin ƙarfin na'ura, sai a kai ta bakin iyakarta. Ga S50, bakin iyakar nan shi ne Q0957+561, wani kwezar, wato cibiyar haske mai nisan gaske, da ake ganinsa biyu a sama alhali guda ɗaya ne.

Hukuncinmu tun daga farko: za ta ɗauko shi, matuƙar sama ta yi duhu kuma an ba ta lokaci. Amma a ga ɗigo biyu a rabe, wannan yana rataye ne a kan rabin fiksel, kuma yawancin abin da ke ƙasa bayani ne a kan yadda ake ceto wannan rabin fiksel ɗin.

Abin da ake nema

Kwezar cibiyar wani galaksi (tarin biliyoyin taurari) ne mai nisan gaske, inda ƙaton baƙin rami yake haɗiye iskar gas, gas ɗin ya yi zafi har haskensa ya danne na dukkan taurarin galaksin. Daga nan duniya ɗigo kawai ake gani, ba a bambanta shi da tauraro sai an warware haskensa launi-launi. A 1979 Dennis Walsh, Robert Carswell da Ray Weymann suka duba wasu ɗigo biyu masu maƙwabtaka da madubin mita 2.1 na Kitt Peak a jihar Arizona ta Amurka, suka tarar haskensu iri ɗaya ne sak, nisansu ɗaya. Bayanin da ya tsaya shi ne abu ɗaya ne: akwai wani babban galaksi a tsakaninmu da shi, tare da rukunin galaksin da yake ciki, kuma nauyinsu ya lanƙwasa hanyar hasken ta yadda yake iso mana ta hanyoyi biyu. An tabbatar da wannan galaksin na tsakiya a 1980. Shi ne karo na farko da aka ga irin wannan abu, bayan Einstein ya yi rubutu a kansa a 1936, Fritz Zwicky kuma ya ce a 1937 galaksi ne ya fi dacewa ya yi wannan aiki. Ita kanta lanƙwasar haske a gefen abu mai nauyi, a kusa da mu aka fara auna ta: tsibirin Principe da ke mashigin tekun Gini na ɗaya daga cikin wurare biyu da aka ɗauki hoton husufin rana na 29 ga Mayu 1919.

Hasken kwezar ɗin ya yi kimanin shekara biliyan 9 a hanya, wato ya taso tun ba a yi ranarmu ba. Galaksin da ya lanƙwasa shi yana nisan wajen shekarar haske biliyan 4, wato nisan da haske ke tafiya cikin shekara biliyan 4. Hanyoyin biyu ba tsawonsu ɗaya ba, don haka duk canjin da ya bayyana a hoton arewa, wanda ake kira A, sai bayan kwana 417 yake bayyana a na kudu, wato B.

Lambobi biyu ne suka shafi mai saye. Na farko haske: kowane ɗigo yana tsakanin magnitud 16.5 da 17 (ma'aunin hasken taurari ne, lambarsa tana ƙaruwa gwargwadon dushewar abu), yana ɗan hawa da sauka. Ido a duhu sosai yana tsayawa a 6, don haka ana maganar abin da ya fi iyakar ido dushewa wajen sau 16,000 zuwa 25,000. Na biyu tazara: sakan 6 na kusurwa, sakan ɗaya kuwa kashi ɗaya ne cikin 3,600 na digiri. Kamar a ce ka hango fitilun gaban mota daga nisan kilomita 50, ka tantance cewa biyu ne.

Na'urar

Gilashin gaba faɗinsa milimita 50 ne, mai hawa uku domin launuka su haɗu a wuri guda, tsawon fokas milimita 250. Sensar Sony IMX462 ce mai launi, fiksel 1920 a 1080, kowane fiksel maikiron 2.9. Filin da take ɗauka a sama kusan digiri 0.7 ne a 1.3. Jikin yana da nauyin kilo biyu da rabi, da batir na 6000 mAh a ciki, da ma'ajiya mai gigabait 64, da ƙaramar ƙafa mai uku da akwatin ɗauka. Babu wurin leƙawa da ido kwata-kwata. Waya ce allonta, ta hanyar Wi-Fi ɗin da na'urar ke buɗewa da kanta. Ita ke gano inda ta dosa ta hanyar gwada taurarin da ta gani da taswirar da ke cikinta, ita ke saita fokas, ita ke ɗaukar gajerun hotuna na sakan 10, 20 ko 30 tana ɗora su a kan juna.

A wannan fanni babu abin kushewa. Mutumin da bai taɓa riƙe madubin hangen nesa ba zai iya kai ta kan galaksin da ido ba ya gani cikin minti goma, abin da a da sai an shekara ana koyo. Gilashin ma ya yi kyau a kan kuɗinsa, taurarin tsakiyar fili suna fitowa a dunƙule, ba tare da wani kambun shuɗi mai damuwa ba.

Lissafin da ya yanke hukunci

A ninka girman fiksel da 206, a raba da tsawon fokas: 2.9 sau 206, a raba da 250, ya ba da sakan 2.4 na kusurwa a kowane fiksel. Tazarar tagwayen ke nan fiksel biyu da rabi.

To amma tauraro ba ya sauka a fiksel ɗaya. Gilashin milimita 50, kome kyansa, yana baje ɗigon haske zuwa faɗin sakan 2.3, wannan dokar haske ce ba laifin masana'anta ba. Motsin iska a sama yana ƙara sakan 2 zuwa 3 a dare mai kyau. Sannan ga girman fiksel, ga ɗan rawar injin da ke bin sama, ga kuma cewa sensa mai launi ba ta auna kowane launi a kowane fiksel, cike gurbi ake yi da lissafi. Idan aka haɗa waɗannan, faɗin tauraro a hoton ƙarshe yana zuwa sakan 4 zuwa 5 idan kome ya tafi daidai, ya wuce 6 idan wani abu ya kauce. Faɗin da ake nufi shi ne wanda manhajojin sarrafa hoto ke nunawa da sunan FWHM, wato faɗin ɗigon a daidai rabin tsananin haskensa.

Ga inda abin yake. Idan faɗin tauraro sakan 4.5 ne, hasken da ke tsakanin tagwayen zai sauka zuwa wajen kashi 60 cikin ɗari na ƙololuwarsu, kuma ido zai ga rabuwa sarai. A sakan 5 yana tsayawa a wajen kashi 70, har yanzu ana gani idan hoton ya yi tsabta. A sakan 6 kuwa tsakiyar ta cike, saura ɗigo ɗaya mai ɗan tsawo. Tsakanin fiksel 2 da fiksel 2.5 ke nan. Galaksin da ke tsakiya ma bai taimaka ba, domin yana kusan sakan ɗaya daga B ta ɓangaren A, yana zuba ɗan haskensa a daidai ratar da ake son ta yi duhu.

Saboda haka S50 ba ta gaza ba, ba ta kuma da rarar ƙarfi. Duk kuskuren da zai wuce ba a lura ba a hoton babban gajimare, a nan shi zai cinye sakamakon.

Yaushe, kuma daga ina

Kwezar ɗin yana cikin rukunin taurarin Ursa Major, a lambobin wurinsa na taswirar sama, RA awa 10 da minti 1 da sakan 21, Dec digiri +55 da minti 54. Daga Kano, mai digiri 12 arewa da layin tsakiyar duniya, yana kaiwa digiri 46 sama da bakin ƙasa ta arewa. Damagaram ta fi da wajen digiri biyu, Agadas tana samun 51, Abuja 43. Ba laifi, sai dai hasken yana ratsa iska kusan sau 1.4 na wadda zai ratsa da a tsakar ka yake. Awa biyu kafin ya kai ƙololuwa da awa biyu bayanta yana sama da digiri 40 a Kano. Wannan awa huɗu ita ce damar kowane dare.

A agogon Najeriya da Nijar, yana kaiwa ƙololuwa wajen ƙarfe 3 na dare a tsakiyar Janairu, wajen 1 a tsakiyar Fabrairu, wajen 11 a tsakiyar Maris, wajen 9 a tsakiyar Afrilu. Lissafin watan sama ya sauƙaƙa zaɓen dare: daga 25 ga wata zuwa 5 ga sabo babu farin wata da zai dame ka, kuma a Janairu da Fabrairu, tunda aikin na bayan tsakar dare ne, har 7 ga wata ana iya yi.

Matsalar ita ce yawancin wannan lokaci ya faɗo cikin hunturu. Hazo yana yin ɓarna biyu a lokaci guda: yana rage hasken abin da ake nema, yana kuma kama hasken gari ya watsa shi ko'ina a sama. Daren da ƙura ta sa rana ta faɗi fara fat tun ba ta kai ƙasa ba, kada a ɓata caji. A jira kwanakin da iska ta kwanta sama ta wanke. Gwaji mai sauƙi shi ne tauraron arewa, wanda daga Kano digiri 12 kawai yake sama da ƙasa: idan ana ganinsa da ido ba tare da wahala ba, daren ya yi.

Sai zafi. Sensar S50 ba ta da na'urar sanyaya, kuma tsaki-tsakin da zafi ke haifarwa a hoto yana ninkawa kusan duk ƙarin digiri 6. Tsakanin sanyin asubahin Janairu da zafin daren Afrilu a ƙasar Hausa, tazarar ta kai ninki biyu ko fiye. Kwana a waje ƙarfe 3 cikin sanyi ba daɗi, amma na'urar ta fi son haka nesa ba kusa ba. Afrilu yana da sauƙin lokaci, yana da mummunan hoto.

A tsakiyar birni kamar Kano ko Kaduna za a sha wuya. Bayan gari ya fi, wurin da arewa ba ta fuskantar fitilun birni, kuma wurin da aka san mutanensa, domin halin tsaro a wasu yankunan bai bar fita daji da dare ba. Rufin bene a ƙaramin gari ya wadatar, musamman daren da aka ɗauke wuta, in dai janaretan maƙwabta ba ya girgiza ginin.

Yadda ake saita ta

A fito da ita waje aƙalla rabin awa kafin a fara, domin gilashi da jiki su yi sanyi daidai da iskar waje. Idan ba haka ba fokas zai riƙa zamewa a cikin awa ta farko. A kafa ƙafar a ƙasa mai tauri, kada a zare tsawonta idan ba dole, a daidaita ta har alamar da ke manhajar ta nuna ta zauna daram. Iskar hunturu ko kaɗan ce tana kaɗa hannun na'urar, don haka a laɓe ta a jikin katanga ta gabas ko arewa maso gabas, amma katangar kada ta rufe sama ta arewa, kada kuma ta zama wadda ta sha rana tana fitar da zafi.

Kafin a je ga tagwayen, yana da kyau a gwada da 3C 273 a rukunin Virgo, kwezar na farko da Maarten Schmidt ya gano nisansa a 1963. Magnitud ɗinsa wajen 13 ne, minti ɗaya ya ishe shi. A nan mutum zai koyi yadda ake tantance ɗigo ɗaya a cikin ɗaruruwa.

Hanya mafi aminci ta isa wurin ita ce a nemi NGC 3079, wani galaksi da muke gani ta gefe, siriri mai tsawon wajen minti 8 na kusurwa (minti ɗaya sakan 60 ne). Tagwayen suna minti 14 daga gare shi, arewa da ɗan karkata yamma. A matsar da filin har kwezar ya zo tsakiya, galaksin ya koma gefe. Wanda ya fi son shigar da lambobin wuri da hannu ya lura da abu ɗaya: lambobin da ke sama na ma'aunin shekarar 2000 ne, kuma saboda yadda sandar duniya ke sauya alƙibla a hankali, wurin ya gusa kusan minti 15 na kusurwa a ma'aunin yau. Idan aka zuba lambobin wani ma'auni a gurbin wani, za a kwana ana ɗaukar wurin da ba shi ba, da kuskure daidai girman tazarar da ke tsakanin galaksin da kwezar.

Me ya sa dole kwezar ya zauna a tsakiya? Na'urar tana bin sama ne da motsi biyu, sama da ƙasa, hagu da dama, don haka filin yana juyawa a hankali a kan sensa. Wannan juyi ya fi tsanani ga mazauna kusa da tsakiyar duniya. Daga Kano, lokacin da kwezar ke ƙololuwa, filin yana juyawa kusan digiri 21 a awa. A hoton sakan 10, tauraron da ke kusurwa yana jan layin fiksel ɗaya. A sakan 30, uku. A tsakiya kuwa babu kome. NGC 3079, mai nisan fiksel 350 daga tsakiya, zai sha kashi ɗaya cikin uku na fiksel a sakan 10, wanda ba a gani. Bayan awa biyu kusurwoyin hoton za su lalace, a yanke su a yar.

Tun daga 2025 manhajar ta ba da damar karkatar da na'urar ta fuskanci tauraron arewa, wanda ke kawar da juyin gaba ɗaya ya kuma ba da damar tsawaita ɗauka. A Turai wannan gyara ne mai sauƙi. A digiri 12, ana nufin a kwantar da ita kusan a gicciye, nauyinta duka ya rataya gefe ɗaya. Ƙaramar ƙafar da ta zo da ita ba ta wannan aiki ba ce. Sai an samo ƙafa mai nauyi da kan karkatarwa da ke sauka ƙasa haka, a kuma sa ƙafa ɗaya a ƙarƙashin nauyin. Don tagwayen kaɗai bai zama dole ba.

Saituna huɗu suka rage. A kashe matatar hasken gari da ke cikinta: an yi ta ne don gajimaren gas, tana barin siraran launuka biyu kawai su wuce, kwezar kuwa haskensa a baje yake a duk launuka, za ta zubar da mafi yawansa. A kashe hitar raɓa, domin a hunturu babu raɓa, caji kawai take ci. A kunna zaɓin ajiye kowane hoto daban, wanda idan aka manta da shi duk bayanin da ke ƙasa ya tashi a banza. A tsaya a sakan 10, ko 20 idan wurin ya yi duhu sosai kuma babu iska.

Fokas kuwa, a sa ta saita, a zuƙo hoton a duba ƙananan taurari, a sake sa ta saita bayan kowane minti 40 zuwa awa ɗaya yayin da dare ke ƙara sanyi. Mai saita fokas na kanta yana aiki, amma ɗan kaucewar da ba za ta dami hoton galaksi ba ta isa ta ɗaga faɗin tauraro daga fiksel 2 zuwa 2.5.

Awa ɗaya a sakan 10 hoto 360 ne a takarda, kowanne wajen megabait 4. A aikace ba a samun haka, saboda tana zubar da waɗanda suka ja layi, tana kuma ɓata lokaci tsakanin ɗauka. A sa ran awa ɗaya zuwa biyu na tsabtataccen haske kafin ɗigon ya tsaya da ƙafarsa a sama mai duhu, awa huɗu zuwa shida a darare biyu ko uku idan rabuwa ake so. Dokar ba ta da tausayi: sai an ninka lokaci sau huɗu tsabtar hoto take ninkawa biyu. Kamfanin ya ce batir yana kai wajen awa 6, amma a haɗa mata fawa banki ta USB-C a huta.

Aikin kwamfuta

Hoton da wayar ke nunawa bai isa hujja ba. An matse shi, an goge shi don ya yi kyan gani, kuma maɓallin share tsaki-tsaki da ke manhajar yana ɗaukar ɗigo mai rauni a matsayin datti. Ko ya shafe shi, ko ya dunƙule biyu su zama ɗaya, ko ma ya ƙirƙiro siffar da babu ita. Kada a taɓa shi a wannan aiki.

A kwashe ainihin fayilolin hotunan da ba a taɓa ba, wato FITS, zuwa kwamfuta, a buɗe su a Siril, manhaja ce ta kyauta. Bayan an jera hotunan a kan juna, Siril yana zana jadawalin faɗin taurari da zagayensu na kowane hoto. A nan ake cin nasara ko a faɗi. A zubar da waɗanda suka fi faɗi da waɗanda taurarinsu suka miƙe, a riƙe kashi 50 zuwa 70 mafi kyau. Zubar da rabi yana rage tsabta da wajen kashi 30 cikin ɗari, shi ya sa ake tara awoyi da yawa tun farko. Sannan a ɗora su da dabarar Drizzle a ninki 2, wadda Andrew Fruchter da Richard Hook suka ƙirƙiro don hotunan madubin Hubble. Tana amfani da ɗan gocewar da ke tsakanin hoto da hoto ta fito da ma'auni mai laushi, sakan 1.2 a fiksel. Juyin filin da muka yi kuka da shi ɗazu, a nan ya zama alheri, tunda shi ke sa kowane hoto ya faɗi a wuri daban kaɗan. A yi amfani da Siril 1.4 ko sama da haka, kuma a tanadi wuri, domin fayilolin suna kumbura sau huɗu. Dabarar ba ta ƙara wa gilashi ƙarfi. Abin da fiksel masu girma suka ɓoye kawai take dawowa da shi.

Da an gama, a sa Siril ya gano lambobin sama na hoton, a kwatanta da taswirar sama ta Aladin da ke intanet don a tabbata ɗigon da ake kallo shi ne. Sai tambaya mafi muhimmanci, wadda masu ɗoki ke tsallakewa: tsawon da ake gani na kwezar ne ko na na'ura? Tagwayen suna jere kusan arewa da kudu. A duba taurari uku ko huɗu na kusa masu irin dushewarsa. Idan su ma sun miƙe ta wannan fuska, rawar inji ce ko iska. Idan suna dunƙule shi kaɗai ya miƙe, an samu. Wani gwajin shi ne a raba hotunan gida biyu, a ɗora kowane rabi daban. Siffar gaskiya za ta bayyana a duka biyun, ta tsaki-tsaki ba za ta maimaita kanta ba. Kayan ƙara kaifi kuwa a yi hattara da su, domin idan aka matsa musu suna iya tsaga tauraro ɗaya ya zama biyu.

Abin da ba za ta iya ba

Ba za ta nuna galaksin da ya lanƙwasa hasken ba. Ya dushe, ya kuma manne da B. Ba za ta auna jinkirin kwana 417 ba, domin canjin hasken ƙanƙane ne kuma sai an auna kowane ɗigo shi kaɗai.

Wanda ya ga hoton Gicciyen Einstein, Q2237+0305 a rukunin Pegasus, wanda John Huchra da abokan aikinsa suka gano a 1985, ya cire rai. Hotuna huɗu ne na kwezar ɗaya, amma duka huɗun suna cikin faɗin da bai kai sakan 2 ba, ƙasa da fiksel ɗaya na S50 kuma ƙasa da abin da gilashin milimita 50 zai iya rabawa ko a sararin samaniya aka kai shi. Ɗan tabon galaksin gaba kawai za a samu. Daga Kano ma yana hawa har digiri 81, inda irin wannan inji ke wahalar bi kuma filin ke juyawa da gudu.

Ƙura kuma abokiyar gaba ce ta dindindin. Gilashin a buɗe yake duk tsawon aiki. A hure shi da roba mai hura iska, kada a goge shi a bushe da gefen riga, domin ƙurar hunturu tana karce rufin gilashi. A rufe hannun a mayar da ita akwati da an gama, kada a bar ta a mota cikin rana saboda batir. Sabunta manhaja yana zuwa akai-akai kuma wani lokaci yana canja wurin saituna, don haka a yi shi a gida da rana inda akwai intanet.

Wa ya kamata ya saya

Ƙanwarta S30, mai gilashin milimita 30 da fokas 150, tana ba da sakan 4 a fiksel. Tagwayen fiksel ɗaya da rabi ke nan, ba zancen rabuwa. Don wannan aiki kada a yi arha da ita.

Wanda burinsa shi ne ya raba tagwayen duk daren da ya ga dama, madubi mai inci 8 yake bukata, irin Celestron EdgeHD 8 mai fokas milimita 2032, da kamara mai sanyaya kanta kamar ASI533 mai fiksel maikiron 3.76. Wannan haɗi yana ba da sakan 0.38 a fiksel, tazarar ta zama fiksel 16, kuma yana tara haske sau 16 na S50. Sai dai da injin ɗauka mai nauyi da kamarar da ke gyara bin sama da wutar da za ta riƙe su, kuɗin ya ninka sau da yawa, ga watannin koyo, ga kuma wahalar saita inji a kan tauraron arewa da ke can ƙasa cikin hazo.

S50 ta dace da malamin kimiyya a sakandare ko jami'a, da ƙungiyar ɗalibai, da mutumin da ke da kwamfuta da haƙurin zama a kan Siril. Ga aji, ko ɗigo mai ɗan tsawo aka samu ya isa darasi, tunda ɗalibai za su auna faɗin taurari da kansu su gane dalilin da ya sa bai rabu ba. Wanda kuwa yake son ya danna waya ya ga ɗigo biyu nan take, ya saye ta don wata da galaksi masu haske, ya bar tagwayen. A wajen oda a tambayi mai kawowa tun farko ko hanyar jigilarsa tana karɓar kaya mai batirin litiyam a ciki, a kuma lissafa kuɗin kwastan a kan farashin.